Sabon hedifon na Sony da jarin ɗan kasuwar Wunti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan waya a kasuwar Wunti da ke Bauchi, kuma shekara shida ke nan ina sayar da caja da iyafis da ƙananan lasifika. A 'yan watannin nan mutum biyu sun tambaye ni sabon hedifon na Sony mai suna WH-1000XM6, suna cewa ya fi na baya ƙwari da daɗin sauti. Na tara kusan naira miliyan 3, ina tunanin in saro guda huɗu daga Legas. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce kada ka saro huɗun nan da kuɗinka, duk da cewa abin da mutanen biyu suka faɗa maka game da kayan yana da gaskiya a cikinsa.

Kamfanin Sony ya fitar da wannan samfuri a watan Mayun 2025 a kan dala 450, bayan wanda ya gabace shi, wato XM5, da ya fito a 2022 a kan dala 400. Babban abin da aka gyara a jikinsa shi ne gaɓar da ke haɗa marfin kunne da madaurin kai. XM5 ba ya naɗewa, jakarsa tana cin wuri, kuma masu amfani da shi da dama sun yi ƙorafin cewa wannan gaɓa tana karyewa. A sabon an dawo da naɗewa kamar yadda XM4 na 2020 yake, an ƙarfafa gaɓar da ƙarfe, an faɗaɗa madaurin kan. Amma ka sani cewa gangar jikinsa har yanzu roba ce, nauyinsa bai wuce giram 250 da 'yan kai ba, alhali AirPods Max na Apple, wanda marafansa na alminiyam ne, ya kai kusan giram 385. Mai saye a wajenmu yakan auna ƙwarin kaya da nauyinsa a hannu, saboda haka za ka sha wahalar gamsar da shi cewa wannan abu maras nauyi ya cancanci fiye da rabin miliyan.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda tallar kamfani ba za ta ambata ba, shi ne yanayin garinmu. Matashin hedifon ɗin, wato ɓangare mai laushi da ke kwanciya a kan kunne, fatar roba ce, kuma gumin watan Maris da Afrilu na Bauchi, tare da ƙurar hunturu, suna sa irin wannan fata ta fara saɓulewa da wuri. Hedifon ɗin ba a yi shi don jure ruwa ba. Batirinsa yana kai awa 30 a caji ɗaya, amma batiri ba ya son zafi, kuma wanda ya kwanta wata takwas a shagon kwano yana raguwa tun kafin a buɗe kwalinsa. Idan matashin ya lalace ko gaɓar ta tsage, wurinka mai saye zai dawo, kai kuwa ba ka da kayan gyara ko mai gyara a kusa.

Ta fuskar sauti, inda ya yi fice shi ne kashe hayaniya. Yana da ƙananan makirfo 12, maimakon 8 na XM5, waɗanda ke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta fitar da kishiyar wannan ƙara don su soke juna kafin su isa kunne. Dabarar ta fi tasiri a kan ƙugi mai ɗorewa irin na janareto ko injin mota a doguwar tafiya daga Bauchi zuwa Abuja, ba ta kai haka a kan muryar mutane ko ƙahon Keke ba. Daɗin sautin kansa kuma ya dogara da wayar da aka haɗa shi da ita. Tsarin LDAC, wanda ke aika sauti mai yawan bayani ta Bluetooth, wayoyin Android ne ke da shi, iPhone ba ta da shi. Mutumin da abin da yake saurare karatu ne ko waƙar da aka turo masa ta WhatsApp, wadda an riga an matse ta, da wuya ya ji bambancin da zai biya wannan kuɗi dominsa.

To, yanzu ga lissafin. Naira miliyan 3 a caja da iyafis tana juyawa sau da yawa a shekara, kuma kowane juyi yana barin riba. Hedifon huɗu kuwa za su cinye kusan duka jarin, kuma masu tambaya biyu ba kasuwa ba ce tukuna, domin tambaya daban take da ciro kuɗi. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, duk wanda ke sayar da kayan dala ya san yadda canji ke motsi. Idan dala ta sauka bayan ka yi sari, na Legas zai karya farashi kai kana riƙe da mai tsada. Haka kuma irin waɗannan kaya darajarsu takan ragu da zarar an yi musu rangwame a ƙasashen waje ko an fara maganar samfuri na gaba. Kwantai a kayan naira dubu biyar abin haƙuri ne, amma a kayan rabin miliyan yana iya durƙusar da shago.

Abin da zan so ka yi shi ne ka koma ga mutanen nan biyu ka faɗa musu farashin ranar, ka nemi kafin alƙalami na aƙalla kashi 70 cikin 100, ku rubuta a takarda cewa sauran kuɗin zai bi canjin ranar da kaya ya iso. Wanda ya biya, shi ne kwastoma. Ka kuma nuna musu XM5, wanda ya sauko a farashi, ka faɗa musu gaskiyar matsalar gaɓarsa, su zaɓa da kansu. Idan kuwa a cikin masu zuwa shagonka akwai ma'aikatan gidan rediyo ko masu ɗakin naɗar murya, su hedifon mai igiya suke buƙata, domin Bluetooth yana jinkirta sauti kaɗan. Irin su Sony MDR-7506, wanda ake amfani da shi tun 1991, ko Audio-Technica ATH-M50x, sun fi dacewa da aikinsu, ba su da batirin da zai mutu a ajiye, kuma kuɗinsu bai kai rabin na XM6 ba. A nan za ka iya ajiye ɗaya ko biyu ba tare da fargaba ba.

Wajen sarin kuma ka yi hattara da jabu, ko a Computer Village ta Ikeja ka saya ko a Farm Centre ta Kano, domin kwalin jabu yanzu yana kama da na gaske ƙwarai. Ka sauke manhajar Sound Connect ta Sony a wayarka, ka haɗa hedifon ɗin da ita a gaban mai shagon kafin ka biya, ka duba cewa ta gane shi da sunansa. Ka gwada lambar da ke jikinsa da ta kwali, ka karɓi rasiti mai ɗauke da wannan lamba da tsawon garanti a rubuce. Idan aike za a yi maka, to wanda ka amince da shi ya yi wannan gwaji ya turo maka bidiyo kafin kuɗi ya bar asusunka.