In cire yarana daga makaranta in riƙa koyar da su a gida?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, yarana uku. Babbar tana aji biyar na firamare, mai bi mata yana aji biyu, autan bai shiga ba tukuna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin makaranta da na Keke Napep ɗin da ke kai su suke ta hawa, kuma tun abin da ya faru a Kuriga hankalina ba ya kwanciya sai na ga sun dawo. Ina da NCE, ba na aiki. Maigida ya ce in zan iya, in koyar da su a gida. Me kika gani?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Ba wanda zai ga laifinki kan wannan tsoro. Duk uwar da ta ji labarin sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024, ko na Ƙanƙara da Jangebe kafin su, ta san yadda gaba ke faɗuwa in an tashi makaranta yaro bai shigo ba. Kuma karatu a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawanmu a kan tabarmar zaure muka fara riƙe allo.

Shawarata dai ita ce kada ki yi wa yaran nan uku hukunci ɗaya, domin buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

Autanki da mai aji biyu za ki iya riƙe su. Abin da yaro ke buƙata a wannan shekarun shi ne ya iya haɗa baƙi ya karanta, ya riƙe fensir daidai, ya iya tarawa da ɗebewa. Uwar da ta zauna da yaro ɗaya awa biyu kullum takan cim ma abin da malamar da ke fama da aji cike ba za ta cim ma ba, don ita tana ganin inda ya tsaya nan take. A kalmar "kullum" ɗin nan gizo ke saƙar. Lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, na ɗauki 'ya'yan ƙanwata biyu da niyyar koyar da su daga takwas zuwa sha ɗaya. Makon farko lafiya lau. A na biyu aka yi haihuwa a maƙwabta, muka tafi barka, muka koma suna. A na uku baƙi suka sauka daga ƙauye, ga girki, ga wanki. Ranar da na dawo kan littafin, na tarar shafin da muka tsaya har ya yi ƙura, yarinyar kuma ta manta yadda ake aro a lissafin ɗebewa, tana ta kallon 42 da 17 tana tauna gindin fensir. Ni da na yi shekaru ina koyarwa ke nan. Makaranta tana da ƙararrawa da shugaba da jarrabawar ƙarshen zango, su ne ke tilasta karatu ya ci gaba ko an gaji. A gida ke ce ƙararrawar, ke ce kuma mai tuwon dare.

Saboda haka kafin ki karɓo takardar barin makaranta, ki gwada kanki a dogon hutu. Mako shida, lokaci tsayayye, waya a kashe, a gaya wa dangi cewa da safe ba ki nan. Ki sayi littattafan da suka bi manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, na ajin da yaron zai shiga, ki tanadi littafi guda kina rubuta abin da aka yi kowace rana. In hutu ya ƙare, ki roƙi wata malama da ba 'yar gidanku ba ta gwada shi. Abin da ta gaya miki shi za ki bi, ba abin da zuciyar uwa ke so ta ji ba.

Babbar kuwa, ni dai ba zan cire ta ba. Shekara ɗaya ta rage mata ta rubuta jarrabawar shiga sakandare, kuma daga nan darussa za su rarrabu: kimiyya, fasaha, Turanci mai zurfi, lissafin da ba kowace mai NCE ce ta karanta shi ba. Ga batun takardu. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin rajistarta, haka ma WAEC da NECO da ɗaliban aji shida na sakandare ke rubutawa. Wanda bai bi ta makaranta ba yana iya rubuta ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, ya nemi kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya zana JAMB. Hanyar tana nan, sai dai yarinyar da ba ta taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba za ta sha wuya in likitanci ko injiniya take so.

Ki kuma san da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Ta ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da cewa yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara tara ke nan, har ta tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tara ko ɗauri ga wanda ya sake. Don haka ku je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ke da maigida, ku faɗi abin da kuke shirin yi, ku ji ta bakinsu.

Game da kuɗi, ki zauna da biro. Littattafai, malamin lesin na darasin da ya fi ƙarfinki, data in za ki yi amfani da intanet, duka kuɗi ne. Sau da yawa sauya makaranta zuwa wadda ke cikin unguwa, wadda za a taka da ƙafa ke da kanki ki raka su, yana rage kuɗin mota da fargabar hanya a lokaci guda. In kuma kin tsaya kan gida, ki nemi maƙwabta biyu ko uku ku haɗa yara ku raba darussa. Kada ki taɓa Islamiyyarsu ta yamma, domin a can za su koyi jiran layi, da faɗa da shiri, da jin maganar babban da ba uwarsu ba.

Tambaya: Anti, aiki zai kai ni Turai da iyalina, ko Jamus ko Ingila. Muna so mu koyar da yaranmu a gida don tsare tarbiyyarsu. Zai yiwu?

Amsa: Ɗan'uwa, ya danganta da inda ka sauka. A Jamus doka ta wajabta wa yaro zuwa makaranta da ƙafarsa, iyayen da suka ƙi ana cin su tara, wasu har kotu. A Ingila an yarda: dokar ilimi ta 1996 ta ce a ba yaro cikakken ilimin da ya dace da shi, a makaranta ko ta wata hanya, ƙaramar hukuma kuma tana iya tambayarka yadda kake yi. Kuɗin GCSE, wato jarrabawar sakandare ta can, kai za ka biya, kai za ka nemo cibiyar da zai rubuta. Amma ka yi tunanin uwar yaran: sabuwar ƙasa, ga sanyi, ba dangi, sannan a ce ita ce makarantar. Ku fara tambayar Musulmin garin wace makaranta suke kai nasu, da inda ake karatun Alƙur'ani ranar Asabar da Lahadi.