Tsuntsun da ya ƙi tashi a Fair Isle

Tambaya: Malam, ina karatu a Aberdeen, na tara ɗan kuɗi zan je Fair Isle, ƙaramin tsibiri a yankin Shetland, arewacin Scotland, a watan Oktoba kallon tsuntsaye masu ƙaura. Tsorona kada in je in dawo hannu rabbana. Abokaina sun ce tsuntsayen can ba sa gudun mutum, har kusa da su ake matsawa a ɗauki hoto. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, batun ganin tsuntsu kwantar da hankalinka. Tun 1948 da George Waterston ya kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a tsibirin aka san cewa daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, in iskar gabas ta kaɗo da yayyafi, baƙin tsuntsaye kan sauka ko'ina. Hanya ce za ta wahalar da kai: jirgin ruwa na kwana zuwa Lerwick, babban garin Shetland, sannan ƙaramin jirgin sama daga filin jirgin Tingwall da ke kusa da garin, wanda hazo kan hana shi tashi kwana da kwanaki. Ka bar rarar kwanaki a tafiyarka.

Maganar abokanka kuwa ita ce ke ɓata mini rai, don kowace kaka sai na ji ta. Tsuntsun da ka gani zaune gindin katanga ya ƙi tashi, ba sabo ya yi da mutane ba, gajiya ce ta ci ƙarfinsa. Ka dubi ɗan tsuntsun nan mai rawayar gira da ke fitowa daga dazuzzukan Siberiya, nauyinsa bai wuce giram 6 ko 7 ba. Daga gaɓar Norwe zuwa Shetland teku ne zalla fiye da kilomita 300, cikin dare ya ratso shi, ba wurin hutawa. Kitsen da ya yi guzuri da shi ya ƙare, wani ma har jikinsa ya fara cin naman ƙirjinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya yini yana tsintar ƙwari. Duk sanda aka tashe shi, an ci masa ɗan ƙarfin da ya tara, an kuma fito da shi fili inda mage da shaho ke jira.

Amma da labari ya bazu a WhatsApp sai ka ga mutum goma sun kewaye lambu ɗaya, wannan na taka ciyawa don tsuntsu ya fito, wancan na kunna kukansa a waya, wai ƙwarewa ke nan. Wace irin ƙwarewa? Hoto ɗaya ake nema, gobe a tsinci gawa. Lambun ma na masu gida ne, tsibirin ko mutum ɗari ba su cika ba, kayan miyarsu ake tattakewa. Rai ne fa, kuma za a tambaye mu.

Ka riƙe madubin hangen nesanka, ka tsaya inda kake. Da ka ga ya daina cin abinci yana kallonka, ka matso da yawa, ja da baya. Gawar tsuntsun teku kuma kada ka taɓa ta, murar tsuntsaye ta yi ɓarna sosai a Shetland a 2022. Ka sanar da ma'aikatan cibiyar.