Filin Tambayoyinku: Gwanin fili yana iya zama gwanin horarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koya wa yaran unguwarmu ƙwallo a nan Garwa. Yayana da ke zaune a Melbon ya turo min bidiyon wata ƙwallo ta Ostireliya, ana cafewa da hannu ana bugawa da ƙafa, yana ta yabon wani Leigh Matthews, wai ya yi fice yana ɗan wasa, ya kuma yi fice yana koci. Mu kuwa a majalisarmu an kafe cewa babban ɗan wasa ba ya iya horarwa, kullum Rigobert Song, tsohon kyaftin ɗin Kamaru da ya zama kocinta, ake kawowa misali. Wane ne mutumin nan, kuma wa ke da gaskiya?
Daga wani mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya saka maka da alheri.

Bari in ɗan fayyace maka wasan tukuna. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kowane ɓangare mutum 18 ne a fili. Babu raga, turaku huɗu ake kafawa a kowane ƙarshen fili. Ka buga ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki 6 ke nan. Ta bi ta gefe, maki 1.

Yayanka bai yi zuƙu ba. Matthews ya buga wa ƙungiyar Hawthorn daga 1969 zuwa 1985: wasa 332, ƙwallo 915, kofi huɗu, na ƙarshen a 1983 yana kyaftin. Ba dogo ba ne, amma ba a tare masa hanya. A 1982, a filin Essendon, ya taho a guje ya yi karo da ɗaya daga cikin turakun gefe, turken ne ya karye, shi kuwa ya ci gaba da wasa. Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, tunda tarbiyyar yara ke hannunka. A 1985 ya doki Neville Bruns na Geelong alhali ƙwallo ba ta wurin, ya karya masa muƙamuƙi. An dakatar da shi mako huɗu, maganar har gaban alƙali. Wannan tabo ne, kuma duk yawan kofuna ba sa goge shi.

To, batun horarwa. Ya karɓi Collingwood a 1986, ƙungiya mai tarin magoya baya wadda rabonta da kofi tun 1958. Sunansa bai kawo kofin nan take ba, sai a kakarsa ta biyar, 1990, suka doke Essendon a wasan ƙarshe. Daga nan abubuwa suka yi ta ja da baya har suka raba gari a ƙarshen 1995. Ya koma sharhin wasanni.

Inda nake so ka tsaya ka duba shi ne Brisbane Lions. Ƙungiya ce da aka haɗa daga tsofaffin ƙungiyoyi biyu, Brisbane Bears da Fitzroy, kuma a 1998 ita ce ta ƙarshe a tebur. Ya karɓe ta a 1999, a shekarar suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Sannan suka ɗauki kofi sau uku a jere, 2001 da 2002 da 2003, biyu daga ciki a hannun Collingwood ɗin da ya bari. Na huɗun Port Adelaide ce ta hana su a 2004. Ya sauka a 2008.

Don haka ban yarda da 'yan majalisarku ba, kuma a ganina ba su yi wa Song adalci ba. Matthews ya yi kaka goma a Collingwood, goma a Brisbane, yana tare da yaransa kowane mako. Song shekara biyu ya yi da tawagar ƙasa, inda ake tara maka 'yan wasa na 'yan kwanaki kowa ya koma ƙungiyarsa. A cikin wannan ɗan lokacin ne ma Kamaru ta doke Burazil 1-0 a Katar a 2022, da ƙwallon Vincent Aboubakar wanda ƙungiyar Coton Sport ta garinku ta yi renonsa. Gaskiyar da ke cikin maganar 'yan majalisarku ita ce gwani yakan rasa haƙuri da wanda ba a ba shi irin baiwarsa ba. Abin da yake yi cikin ƙiftawar ido, sai ya ga yaro ya kasa sau goma, ransa ya ɓaci. Suna yana sa yara su yi shiru ranar farko. Bayan wata guda abin da suke dubawa shi ne ko ka san wanda ke tsoron karo, da wanda ya zo atisaye bai karya kumallo ba. Wannan kai ma kana iya saninsa a filin unguwa ko ba ka taɓa buga wa babbar ƙungiya ba.

Ka ce wa yayanka ya turo maka wasan ƙarshe na 2002. An yi shi a jiƙaƙƙen fili, Brisbane ta ci 75 da 66. Ka sa ido a kan kyaftin ɗinsu, Michael Voss, musamman a zangon ƙarshe, ka kuma nuna wa yaranka.