Kumburin Cikin Ido: Da Gaske An Samu Sabuwar Allura?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ta yi shekara biyu tana fama da kumburin cikin ido da kuke kira uveitis. Ƙwayar prednisolone ta kumbura mata fuska, da ta rage sha sai ganinta ya koma hazo-hazo. Na ji an ce an fito da wata allura. Yanzu dai maganin ɗigawa take saya a kemis, tana ɗigawa jan ya washe. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Allurar gaskiya ce, sunanta adalimumab. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016 bayan wani gwaji da aka yi wa marasa lafiya mai suna VISUAL, inda waɗanda aka yi wa suka kai kusan mako 24 kafin ciwon ya dawo, waɗanda ba su samu ba kuwa mako 13. Tana da tsada, kuma ba a fara ta sai an tabbatar ba ƙwayar cuta ce ta jawo kumburin ba, an kuma duba tarin fuka, domin tana tayar da wanda ya kwanta a jiki. Kafin ita ma akwai wani magani mai araha, methotrexate, wanda wani gwaji mai suna FAST na 2019 ya nuna wani maganin mai suna mycophenolate bai fi shi ba. Sai dai mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan methotrexate.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne kemis ɗin nan. Kusan kullum sai na ga irinta a asibiti: ido fari tas, gani kuwa ya tafi. Da yawa daga cikin ɗigon da ke share ja sitirod ne, wato dangin prednisolone, irin su dexamethasone. Mu ma muna rubuta shi, amma muna auna ƙarfin ruwan ido a kai a kai, domin a wasu mutanen yana haura shi a ɓoye har jijiyar gani ta mutu, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ɗigon yana kuma kawo yanar ido, idan kuma akwai gyambo a baƙin ido sai ya ƙara rura shi. Mai kemis ba shi da na'urar awo, bai taɓa leƙa bayan idonta ba, amma duk jan ido a wurinsa Apolo ne. Wallahi abin yana ƙona min rai.

Kada ta yanke prednisolone ko ɗigon lokaci guda, a hankali likita yake janye su. Ka kai ta wurin likitan ido cikin makon nan, ku tafi da duk kwalaben da ta yi amfani da su, har waɗanda suka ƙare, kuma ku nemi a auna ƙarfin ruwan idonta a ranar.