Hukuncin Sayar da Kayan Ado Masu Zanen Halittun Teku da Allolin Girkawa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina sayar da kayan adon gida. Na sayo kaya daga wani dillali a Santambul, duk kwaikwayon kayan tarihi ne: tuluna masu zanen wata dabbar ruwa mai hannaye takwas, farantai masu zanen kifaye, alluna na tsakuwa, da ƙananan mutum-mutumi guda shida. Wani ya ce mini babu laifi tunda dodannin ruwa ne na tatsuniya, babu irinsu a halittar Allah. A jikin allunan da mutum-mutumin akwai wani mai gemu riƙe da mashi mai tsini uku. A allunan yana kan keken da dawakin teku ke ja, ga mata a kusurwoyi, ga wani mutum rabinsa kifi yana busa ƙaho. Da kuɗin bashi na sayo su.

Amsa: Bismillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Ɗan'uwa, ka tara kayan nan wuri guda ka kira su adon teku, alhali hukuncinsu ya rabu, kuma abin da ya raba su shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba: mai gemun nan da mashinsa. Girkawa suna kiransa Fosaidon, Rumawa suna kiransa Naftun. Allan teku ne a wurinsu. An gina masa ɗakin bauta a tsaunin Suniyon kusa da Atina wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa kuma suna yi masa biki duk ranar 23 ga Yuli. Abin bauta ke nan.

Mu fara da mai sauƙi. Tulunan kwaikwayo ne na aikin maginan tukwane na tsibirin Kirit da ke Girka, wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Farantan kuwa irin na Girkawan kudancin Italiya ne na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, masu ɗan rami a tsakiya inda romo ke taruwa. Zanen duka biyun shafaffe ne, ba shi da inuwa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda malamin fiƙihun nan Dardir ya tsara a babin walima, surar mai rai da ba ta da inuwa makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, idan kuwa tana wurin da ake wulaƙanta ta, kamar shimfiɗa, barinta ya fi amma ba ta kai karhanci ba. Saboda haka cinikinsu ya inganta kuma kuɗin halal ne, duk da cewa Shafi'awa da Hanbalawa sun fi mu tsanantawa a nan. Sai dai ka shafa hannunka a jikin kowane tulu. Idan mariƙinsa an ƙera shi da surar kifi cikakke, ya fito da jiki har yana yin inuwa, ya bar wannan babi ya koma na mutum-mutumi.

Mutum-mutumin shida haramun ne ajiye su da sayar da su, ta fuska biyu: sura ce cikakkiya mai inuwa, kuma gunki ce, hadisin Jabir na hana cinikin gumaka ya hau kansu kai tsaye.

Yanzu maganar abokinka. Ba shi ya ƙirƙire ta ba, wasu daga Shafi'awa sun sauƙaƙa a kan surar abin da ba shi da makamanci a halitta, kamar doki mai fukafukai, suna cewa dalilin hani shi ne kwaikwayon halittar Allah, wanda ya zana abin da Allah bai halitta ba kuwa bai kwaikwayi komai ba. Suna kafa hujja da dokin wasa na Nana A'isha (RA) mai fukafukai biyu na tsumma, wanda Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Wannan ra'ayi mai rauni ne ko a cikin mazhabar tasu. Duba dokin tekun da ke jikin allonka: kai da ƙirji da ƙafafun gaba na doki ne, daga cibiya zuwa ƙasa wutsiyar kifi ce. Wane ɓangare ne a ciki ba halittar Allah ba? Mai zanen ya ɗebo daga halitta biyu ya haɗa, ya kwaikwaya sau biyu ke nan. Haka mutumin nan rabinsa kifi mai busa ƙaho. Ga ido, ga fuska, kuma hukuncin sura a kan kai yake rataye. Dokin Nana A'isha kuwa kayan wasan yarinya ne, malamai sun daɗe da keɓe kayan wasan yara daga hanin, ba don fukafukan ba. Wanda ya ɗauki rangwamen 'yar tsana ya kai shi kan kayan da ake jerawa a falo ana alfahari da su ya yi ƙiyasi a inda bai dace ba. Sannan ko da mun sallama musu, rangwamen ba zai taɓa Naftun ba, domin surarsa ta mutum ce sak, kuma kwaikwayon halitta ba shi kaɗai ne dalilin hani ba, akwai toshe ƙofar girmama abin bauta. Kada a ce maka bautarsa ta mutu. A Girka ta yau akwai masu bauta wa allolin nan, har hukuma ta amince da addininsu a 2017.

Allunan tsakuwa su ne suka fi buƙatar bayani. Yadda ka kwatanta su, kusan lalle kwafi ne na irin wanda aka tono a Shabba ta Tunisiya, yana gidan tarihi na Bardo a can ƙasar: Naftun a kan keken da dawakin teku huɗu ke ja, da da'irar haske a kansa, ga mata huɗu a kusurwoyi a matsayin lokutan shekara. Asalin irin wannan aiki daɓen ƙasa ne, Rumawa takawa suke yi, gidajen tarihi ne suka ɗaga shi bango. Naka kuwa an yi shi ne don rataya. Ba ya halatta ka sayar da shi haka, ga surar abin bauta ga tsiraici. Gyaransa: tsakuwoyin ƙanana ne, a manne a kan raga ko siminti. Ka sa siririyar kurfi ka ɓamɓare na kai gaba ɗaya, da da'irar hasken, da mashin, da wuraren tsiraici, ka cike gurbin da tsakuwa mai launin bayan zanen. Jan layi a wuya ba ya wadatarwa, domin kan yana nan. Ka fara daga tsakiyar fuska zuwa waje, idan ka faro daga gefe jerin maƙwabta zai biyo hannunka ya zube. Idan bayan gyara babu mai saye, ka yanke gefen mai zanen igiyar ruwa da ganye ka sayar da shi daban.

Batun bashi shi ya fi damuna da kai. Cinikin gumakan ɓatacce ne tun asali, don haka fara neman dillalin ya karɓi kayansa ya maido maka kuɗinka. Idan ya ƙi, ka farfasa su ka sayar da ƙarfen da awo, wannan ya halatta. Amma ka kankare gindin ɗaya tukuna: da yawa roba ce da aka shafa wa ruwan tagulla, ita kuwa kada ka ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Kada ka bar su a shago da sunan sai ka sami mafita, kuma kada ka ba wanda ba Musulmi ba kyauta ko a rahusa. Ka sanar da mai binka bashi halin da ake ciki tun yanzu ka nemi jinkiri.

Farantan da na halatta maka, ka gaya wa mai saye na ado ne. Fentin irinsu yakan ƙunshi dalma, tana narkewa cikin abinci mai tsami ko mai zafi. Kuma ka faɗa masa kwaikwayo ne. Wasu 'yan kasuwa suna shafa musu ƙasa su ce tsoho ne, wannan algus ne. In ma wani ya kawo maka na ainihi, ka guje shi, domin Turkiyya da Girka da Tunisiya duk sun haramta fitar da kayan tarihi, kuma galibinsu daga sata ko haƙar kaburbura suke fitowa.

Wallahu a'alam.