Malama, ni ma na sha wannan

Malama, da na ga tambayarki, cewa 'yan ajinki na biyar suna cika shafi da rubutu amma ba kan gado, kina neman yadda za ki gyara su, sai na ji kamar ni na rubuta ta.

Shekarata ta biyu da fara koyarwa, shugaban makarantarmu ya kafa doka: a rubuta insha'i a allo, yara su kwafa, littafi ya fita tsaf. Na bi. Rannan sufeto ya shigo, ya buɗe littafi uku, duk abu ɗaya, har da harafin da na tsallake a allo. Sai ya miƙa wa wani yaro alli, ya ce ya rubuta jimla biyu kan abin da ya gani a hanya da safe. Yaron ya tsaya hannunsa na rawa, ko harafi bai rubuta ba. Shugaban nan, shi da ya kafa dokar, ya juyo a gaban yarana ya ce, "Malama, me kike koya musu ne?" Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Da aka yi masa canjin wurin aiki ko sallama ban je ba, Allah ya yafe min.

Don Allah ki rage jan biro. Yaro in ya ga shafinsa ja wur, rufewa yake. Ni kuskure ɗaya nake bi a mako. Wannan makon aya da waƙafi, na gaba raba kalmomi: "ga shi" daban, "gashi" daban. Na taɓa rubuta "kafa" da "ƙafa" a allo na sa suka karanta, dariyar da suka yi ta sa ba su sake mantawa da lanƙwasar ba.

Ki sa kowa ya karanta nasa da ƙarfi. Inda numfashinsa ya ƙare, nan aya take. In ya ce "abin ya yi kyau", ki tambaye shi, wane abu? Me ka gani?

Iyaye ma suna da nasu, kyan hannu kawai suke dubawa. Wata uwa ta zo min da faɗa wai littafin 'yarta duk gogewa ne, alhali yarinyar sau uku ta sake jimlar farko da kanta.