Filin Tambaya da Amsa: In kai kukana ga mai ba da shawara ta waya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, yarana huɗu, autan bai cika wata bakwai ba. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu bai kwana gida ba. Ina koyarwa a wata firamare, in na dawo ga girki, ga wanki, ga rigimar yara. Tun da na haihu barci ya ƙaurace mini ko da jaririn yana barci. Abu kaɗan sai in hau yaran da faɗa, wani lokaci har da duka, daga baya in shige ɗaki in yi ta kuka. Na faɗa wa Mama, ta ce in ƙara haƙuri da addu'a, kuma ina yi. Wata abokiyar aikina ta ce akwai masu sauraron damuwar mutum ta waya ko WhatsApp. Abin yana da amfani kuwa? Ba tona asirin gidana zan yi ba? Ina tsoron a ce na samu taɓin hankali.

Maman yara huɗu, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki zuri'a, ya ba ki lafiya.

Ba ki haukace ba. Rashin barci, saurin fushi da kuka bayan haihuwa, in sun wuce sati biyu ba sassauci, alamu ne na ciwon damuwa, kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Yawancinsu haƙuri kawai ake ba su.

Amsata ita ce ki nema. Magana da wanda aka koya wa sauraro magani ce. A Zimbabuwe, tun 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma bincike ya nuna mutanen na samun sauƙi. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Mace irinki mai goyo, mai aiki, wadda mijinta ke kan hanya, wayar nan ce ƙofar da ta fi kusa da ita.

Sai dai ki san abin da za ki tarar. Mai ba da shawara na gaskiya ba wa'azi zai yi miki ba, ba kuma zai taya ki zagin dangin miji ba. Za ku yi kamar awa ɗaya a sati, ya fi ki yawan shiru, ya tambaye ki wane lokaci fushin ke tasowa, me kike faɗa wa kanki a lokacin, ya ba ki ɗan abin da za ki gwada kafin zama na gaba. Sauƙin yana zuwa a hankali, cikin makonni.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne wane ne a ɗaya ɓangaren wayar. Yanzu duk wanda ya tara mabiya a Facebook ko TikTok sai ya kira kansa mai gyaran aure. Kafin ki buɗe baki, ki tambayi cikakken sunansa, inda ya yi karatu, da asibiti ko ƙungiyar da yake aiki a ƙarƙashinta. In ya ce likita ne, ya kamata ya kasance da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda tun ranar farko ya ce miki asiri aka yi miki, ko ya ce ki fita daga gidan mijinki, ko ya ɗauko tallan magani, ko ya nemi hotonki, ki kashe waya. Haka masu wallafa saƙonnin mutane a shafinsu wai don a ba da shawara: ko an ɓoye suna, 'yan unguwa sukan gane labarin. In mace ta fi kwanta miki a rai, ki nemi mace, haƙƙinki ne. Ku yi maganar kuɗi tun farko. Akwai ƙungiyoyi sanannu kamar She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, da Mentally Aware Nigeria Initiative, da za ki iya farawa da su.

Batun tona asiri kuwa, abin da kika faɗa wa mai magani don neman lafiya ba tonon asiri ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sirrin mai neman magani. Ni wayarki ce ta fi damuna. Yara suna wasa da ita, saƙon murya kuma ana iya tura shi ko'ina. Ki fi son kira kai tsaye, ki sa wa wayar makulli, ki zaɓi lokacin da babu kunne kusa. Kuma ki sanar da maigida tun kafin ki fara. Matar aure da aka ga tana doguwar waya da baƙuwar lamba, zargi ne zai biyo baya, ki je neman sauƙi ki dawo da sabuwar fitina.

Mama ta yi gaskiya da ta ce ki yi addu'a, kada ki bar ta. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, don haka ki haɗa biyun.

Akwai abin da waya ba za ta gani ba. Ƙarancin jini, hawan jini da matsalar ƙwayar nan ta wuya mai haddasa maƙoƙo duk suna kawo kasala, faɗuwar gaba da rashin barci bayan haihuwa. Kada ki jira allurar wata tara, ki je asibiti a gwada ki, ki faɗa wa likita duk abin da kika rubuto mini. Don Allah kada ki karɓi ƙwayar barci a kemis, musamman kina shayarwa. Mata da yawa sun faɗa shan maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018.

In kuwa kika fara tunanin cutar da kanki ko jaririn, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, wannan ya wuce waya. A ranar ki kira wani naki ya raka ki asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Masu karatu na wasu garuruwa, akwai na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano.

Dukan da kike yi wa yaran nan ya tsaya mini a rai, na san ke ma ya tsaya miki. In kika ji ranki ya fara tafasa, ki kwantar da jaririn inda ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida, ki yi alwala, sannan ki dawo. Aikin da ke kanki ma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma babu mai ba da shawarar da zai rage miki wanki. In maigida ya dawo ya huta, ki zaunar da shi ki faɗa masa ba ki da lafiya, ku nemi wata daga danginku ta zo ta zauna da ke ko da wata biyu ne.